Na Taya Bijimin da Ba Na Sayarwa Ba

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi ba, domin barci na yi tun daga Abuja har aka tashe ni. Abin da ya kamata ku sani kawai shi ne ba ni ya dace in tafi Amurka ba. 'Yata Hajara, nas ce a wani asibiti can wajen Washington, haihuwarta ta fari ta matso, ta nema wa uwarta Ladi biza don ta je ta yi mata wankan jego, ni kuma aka sa sunana a matsayin ɗan rakiya. Turawa suka duba takardu suka hana Ladi, suka ba ni. Ni Sale Na-Tumbi, da na yi shekara arba'in da biyar ina fawa a Tudun Wada ta Kaduna, wanda karatunsa na boko ya tsaya a aji uku, ni aka tura in kula da mai jego.

Gidansu a wata unguwa yake da ake kira Mitchellville. Gidaje manya, ciyawa an aske ta kamar kan ango, amma ka yini a ƙofar gida ba ka ga wanda za ka ce wa sannu ba. Satin farko na gai da wani mutum da ke yawo da karensa, karen ne kaɗai ya amsa. Hajara ba ta bari in taɓa komai. Na ɗauki tsintsiya, ta ce akwai inji. Na nemi in yanka albasa, ta ce akwai inji. Wuƙar fiɗata, wadda na gada wurin mahaifina, na taho da ita a ƙasan akwati cikin ƙullin kuka, tana nan kwance ita ma kamar ni, ba aikin fari ba na baƙi. Nama kuwa daga kanti ake kawo shi a nannaɗe cikin leda, ya daskare kamar bulo, ba ka sanin tinkiya ce ko kakarta.

Wanda ya cece ni daga mutuwar zaune shi ne Ishaya, mutumin Pankshin, sa'ana ne, ya daɗe yana tuƙa tasi a Takoma Park. Matarsa tare suke aiki da Hajara. Shi yake zuwa ya ɗauke ni mu tafi Wheaton, inda shagunan 'yan Afirka suke, in tsaya a gaban firijin nama in yi ta zagin yankan, shi kuma yana dariya. Shi ya naɗa ni Sarkin Pawan Amurka, ni kuma nake ce masa Ɗan Dutse, saboda duwatsun garinsu.

Ranar wata Asabar Hajara ta sauka lafiya, namiji. Kwana biyu bayan nan muna zaune a falo, an kira Ladi ta waya ana ganin fuskarta, sai surukina Injiniya Bashir ya durƙusa ya ce, "Baba, maganar ragon suna an gama. Na yi magana da wani kanti a Wheaton, za su yanka su kawo mana a kwali."

Na ce, "A kwali?"

"Ko kuma a aika gida a yanka a Kaduna. Haka yawancin mutane suke yi."

Na daki ƙirji na ce, "Jikan mahauci, a ce ragon sunansa daga kwali ya fito? Ina raye? Ni zan zaɓo shi da idona, in kayar da shi da hannuna."

Ladi ta ce daga cikin waya, "Malam, ka dai iya cika baki. Ƙasar da sai da aka nuna maka yadda ake kunna famfo?"

Injiniya ya ce cikin ladabi, "Baba, a nan ba a yanka a gida. Maƙwabciyarmu kullum tana jikin taga, ko kyanwa ka harara za ta kira 'yan sanda. Sai dai a je gona a yanka a can."

Na ce, "To a je gonar."

Hajara ta daɗe tana kallona. Ina jin ta lura da yadda nake yini ina ƙirga motocin da ke wucewa. Ta ce wa mijinta, "Ka kira kantin ka ce mun fasa. Baba zai kawo." Ta juyo gare ni ta ce, "Amma Baba, mutane za su cika gidan nan ranar Asabar, har daga Baltimore. In ba ka kawo ba, shinkafa da mai za su ci." Na ce ta kwantar da hankalinta. Nawa hankalin ne ya tashi a lokacin, amma ban nuna ba.

Ishaya ya nemo mana wani manomi ta waya, a can cikin duwatsun West Virginia, tafiyar wajen awa huɗu. Mutumin ya turo hoton rago, ƙato, ƙahonsa ya naɗe sau biyu. Shirinmu shi ne mu tafi ranar Juma'a, mu kwana can, da safen Asabar in an raɗa suna a kira ni in yanka, mu taho da nama cikin ƙanƙara kafin azahar.

Da sassafe muka bar gari. Tun ana ganin benaye har suka ƙare, sai gonaki, sai kuma hanya ta fara hawa. Lokacin kaka ne, itatuwa sun rine, wasu ja wasu rawaya, sai ka ce zannuwan biki aka shanya a kan duwatsu. Ishaya ya sauke gilashi ya shaƙi iska ya ce, "Sarkin Pawa, ka ji ƙamshin gida! Wannan kwanar sak ta hanyar garinmu." Ni kuwa kunnena ya toshe, cikina yana juyawa da kowace kwana. Na ce, "Ɗan Dutse, in dai haka garinku yake, na gane abin da ya sa ka gudo."

Abin da ya ba ni mamaki a duwatsun nan shi ne yawan wuraren ibada. Kowane kwari da 'yar farar coci mai tsini. Mun wuce wani wuri inda wasu mutane masu aski ƙwal, sanye da jan mayafi, suke share ganye a bakin ƙofa, Ishaya ya ce mabiya addinin Buda ne. Ya ce duk wanda hayaniyar birni ta ishe shi nan yake gudowa ya nemi Ubangijinsa. Na ce ni rago na zo nema.

Mun tsaya cin abinci a wani ɗan gidan abinci na katako a gefen rafi. Mai kawo abincin wata dattijuwa ce mai ƙiba, ta dafa kafaɗata ta faɗi wata magana. Na tambayi Ishaya, ya ce, "Cewa ta yi, me za ka ci, zumata?" Na gyara hula na ce, "Kada Ladi ta ji wannan." Ya ce, "Kwantar da hankalinka, haka ta ce wa wancan mai haƙori ɗaya ma." Abincin da suke taƙama da shi wake ne da burodin masara. Ishaya ya tambaya mini, ta ce da naman alade ake dafa waken, ta ɗauke kwanon daga gabana da kanta, ta je ta sa aka soya mini kifin rafin nan a wani kasko daban, an birkiɗa shi cikin garin masara. Ta kawo da wani abu baƙi-baƙi mai kauri, wai tuffa ce ake dafawa yini guda a tukunyar tagulla, a shafa a burodi. Na ci na yi shiru, domin ban sami abin kushewa ba, ni kuwa ba na jin daɗin haka. Na zaro ƙullin yajina daga aljihu na barbaɗa wa kifin. Ta ce in ɗana mata. Ta lasa, ta yi atishawa uku, hawaye na zuba tana dariya, ta kira mai dafa abinci shi ma ya zo ya sha nasa rabon. Da za mu tafi ta naɗe mana burodin masara a takarda ta ce na hanya ne. Na bar mata rabin yajin.

Da rana tsaka muka isa gonar mai rago. Bature ne mai gemu har ƙirji, in ka gan shi daga nesa ka ce limami ne. Ya kai mu bayan rumbu ya nuna mana wani ɗan abu yana ɗingishi, gashi ya cukurkuɗe masa, ƙaho kamar yatsana. Na zaga bayansa, babu wutsiya, an guntule ta tun daga gindi.

Na ce, "Ishaya, tambaye shi ina na hoton."

Suka yi turanci. Ishaya ya juyo yana danne dariya ya ce, "Wai na hoton ubansa ne. Ya mutu bara waccan. Amma wai jini ɗaya ne."

"Wutsiyar fa? Ita ma ta bi uban?"

"Wai duk tumakin nan haka ake yanke musu tun suna ƙanana."

Na ce, "Gaya masa ba a yi wa jikana suna da gurgu mai guntun gindi." Ban san yadda Ishaya ya fassara ba, na dai ga Baturen ya ɗaga kafaɗa ya koma cikin gida.

Muka shiga mota. Wayar Ishaya babu sabis ko ɗigo. Muka bi gonaki biyu da muka gani a hanya, ɗaya babu kowa sai karnuka, ɗaya kuma tumakinsu duk guntaye. Na fara jin muryar Ladi a kunnena. Na fara hango baƙi zaune da faranti, da Hajara tana sunkuyar da kai saboda ta yarda da maganar ubanta.

Muna shan wata kwana sai ga wani gini a kan tudu, kansa yana ƙyalli kamar zinariya, ga tafki a gabansa, ga dawisu yana yawo. A gangaren tudun kuwa shanu ne, ƙosassu, suna kiwo. Na ce, "Tsaya! In babu rago ai sa ya yi. Wa zai yi gunaguni in ya ga an kayar da sa?"

Ishaya ya ce, "Sarkin Pawa, wurin nan kamar haikalin Indiyawa ne. Bari in yi tambaya tukuna."

Ban jira shi ba. Yana neman inda zai ajiye mota na riga na kai bakin shinge. Akwai wani farin bijimi a tsaye shi kaɗai a gindin itacen tuffa, an rataya masa furanni a wuya, an shafa wa ƙahonsa launi. Na ce a raina, ashe su ma sun san a yi wa dabba kwalliya ranar kasuwa. Na tura ƙyaure na shiga. Na dafa ƙugunsa, na matsa gindin wutsiya in ji kitse, na shafa haƙarƙari, na ɗaga leɓe na duba haƙora. Tsoho ne, amma ya ci ya ƙoshi. Na lura ɓangarensa na hagu ya ɗan tasa, na buga da yatsa na ji yana amsawa kamar ganga. Na yi murna, domin mahauci ba ya taya dabba sai ya samo mata aibi.

Sai ga wani dattijo siriri ya taho, Ba'indiye, sanye da mayafi rawaya, goshinsa da zane. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, Mai Rawaya nake ce masa. Ya ga yadda nake shafa bijimin, ya haɗa tafukansa ya sunkuya yana murmushi, ya ɗauka ƙaunar shanu ce ta kawo ni. Ni ma na sunkuya. Na tattaro turancina gaba ɗaya na ce, "Hau moc?" Bai gane ba. Don in sauƙaƙa masa sai na zaro wuƙata daga kube, na nuna bijimin, na ja yatsa a wuyana.

Ban taɓa ganin murmushi ya mutu da sauri haka ba. Ya yi tsalle ya shiga tsakanina da bijimin ya buɗe hannuwa, yana ɗaga murya. Mutane suka fito daga rumbu, wata mata ta dafe kai. Ishaya ya iso da gudu yana haki.

"Mai da wuƙar nan! Ka san inda kake? Mutanen nan saniya uwa ce a wurinsu. Ko ƙwai ba sa ci. Shanun nan daga mayanka suke ceto su, su riƙe su har su mutu don kansu!"

Na ce, "Su mutu don kansu? Su yi mushe ke nan?"

"Rufe mini baki, Sale!"

Ranar ce kaɗai ya kira sunana, na san abin ya kai. Na mai da wuƙa, na cire hula, na ce ya ba su haƙuri, baƙo ne ni, jahili kuma. Mai Rawaya ya nuna mana hanyar mota da hannu.

Muna tafiya ina waiwaye. Bijimin ya daina tuƙa, ya miƙe wuya, yana dukan cikinsa da ƙafar baya. Ƙasan itacen duk rubabbiyar tuffa ce, ga ɗanyar ciyawa jiƙe da ruwa. Na ce, "Ishaya, koma ka gaya musu bijimin nan ba zai kai la'asar ba. Iska ta cika masa tumbi."

"Har yanzu ciniki kake? Shiga mota."

"Da farko ciniki ne. Yanzu gaskiya ce."

Bai kai ga kunna mota ba muka ji ihu. Bijimin ya durƙushe, harshe waje, cikinsa ya yi tsiri sama da bayansa. Wani ya ruga ofis ya buga wa likitar dabbobi ta wayar tebur. Ishaya ya saurara ya ce mini tana can bayan wani dutse tana karɓar haihuwar goɗiya, sai ta yi awa guda kafin ta iso, kuma ta ce in ba a fitar da iskar nan yanzu ba, gawa za ta tarar. Ta tambaya ko akwai wanda ya san inda ake hudawa. Babu ko ɗaya. Mutane ne masu son shanu da zuciya ɗaya, amma ba wanda ya taɓa ganin cikin saniya a cikinsu. Ni kuwa ban san komai ba a duniya sai shi.

Na ce, "Gaya wa Mai Rawaya na san wurin."

Ishaya ya riƙe hannuna ya yi ƙasa da murya. "Ka yi tunani. Kowa ya gan ka da wuƙa kana nuna wuya. In ya mutu a hannunka, a ofishin 'yan sanda za mu ci sunan nan."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma na ce ya faɗa masa. Mai Rawaya ya dube ni, ya dubi wuƙar da ke ƙuguna, ya dubi bijimin. Ya tambayi wani abu. Ishaya ya ce, "Wai shanu nawa ka yanka a rayuwarka?" Na ce, "Ce masa ban ƙirga ba, amma ko ɗaya ban taɓa wahalar da shi ba." Dattijon ya rufe ido, ya daɗe, sannan ya matsa gefe.

Na sa aka kawo tafasasshen ruwa aka wanke wuƙar, aka yanko mini guntun tiyo na ban ruwa. Na sa maza huɗu suka danne, Mai Rawaya ya rungume kan yana yi masa magana a kunne. A hagu, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, akwai wani ɗan kwarmi, faɗin tafin hannu. Na auna da yatsu. Na ce Bismillahi, bakina ya saba, saura kaɗan in ƙarasa da kabbarar yanka, na haɗiye ta. Na soka sau ɗaya, na murɗa, na tura tiyon.

Jama'a, iskar da ta fito sai da ta yi fito kamar jirgin ƙasa. Ishaya kuwa ya sunkuyo yana leƙe don ya fassara abin da ba a tambaye shi ba. Duk abin da tuffa ta zama a cikin bijimin nan a gaban rigarsa ya sauka. Ya yi baya yana kiran sunan Yesu da na uwarsa. Cikin ya fara sauka a hankali. Bijimin ya ja numfashi, ya sake ja, ya yi wata gyatsa mai tsawo, can ya tattara ƙafafu ya miƙe. Matar da ta dafe kai ɗazu ta fashe da kuka. Mai Rawaya ya zo ya kama hannuna na dama, wanda ya riƙe wuƙar, ya ɗora a goshinsa. Kunya ta kama ni, ban san inda zan sa idona ba.

Likitar ta iso a wata tsohuwar a-kori-kura, Baturiya mai furfura, takalmanta duk taɓo. Ta duba hujin, ta wanke, ta yi allura, ta tambayi wace makaranta na yi. Na ce Ishaya ya gaya mata aji uku, sauran a mayanka. Ta yi dariya har da dukan cinya. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta ja mu gefe, nesa da kunnen masu haikali, ta ce tana kiwon tumaki a gonarta, irin marasa ulu, ba ta yanke musu wutsiya, kuma Musulmi suna zuwa wurinta su yanka da hannunsu lokacin layya. Mu zo da sassafe. Sai a lokacin na zauna a kan damin ciyawa.

Juma'a ta riga ta wuce ni a kan dutse. Na tambayi inda zan yi sallah. Mai Rawaya da kansa ya share mini wuri a bayan rumbu, ya shimfiɗa sabon mayafi, ya tsaya daga nesa yana korar dawisu har na idar. Cikin haikalin ban shiga ba, na tsaya daga ƙofa na ga fitilu da furanni, na ji suna waƙa da 'yan kuge. Shi ma bai ce in shiga ba. Da aka zo cin abinci na sa Ishaya ya tambaya, cikin ladabi, ko an kai abincin gaban abin bautarsu. Dattijon ya gane, ya shiga kicin ya sa aka ɗebo mana daga tukunyar da ba a kai ba.

Aka jera mana shinkafa, da miyar wake mai kurkum, da wata gurasa da ke kumbura kamar balan-balan, da cuku a cikin miyar alayyaho, da man shanu mai ƙamshi irin na Fulanin Kachia. Na yi ta juya cokali ina neman tsoka saboda sabo. Babu. Na ci faranti biyu, na karɓi na uku. Ishaya, sanye da aron mayafi rawaya domin an wanke rigarsa, ya ce, "Sarkin Pawa, zan ba da labari a Wheaton." Na ce, "Ni ma zan ba da labarin shigar nan taka a cocinku." Muka yi yarjejeniya kowa ya yi shiru. Ga shi ni na fara karyawa.

A masaukin baƙinsu muka kwana. Da gari ya waye Mai Rawaya ya rako mu mota da wani kwali a hannu, cike da alewar madara, ta nonon shanunsu, an yanka ta murabba'i an barbaɗa mata gyaɗar Indiya. Ya ce wa Ishaya ta jaririn ce, a raba wa baƙi. Sannan ya dube ni ya ƙara wata magana. Ishaya ya ce, "Wai bai tambaye ka inda za ka yanzu ba, kai ma kada ka gaya masa." Na haɗa tafukana yadda na ga yana yi. Bijimin yana tsaye a bakin shinge da filasta a ƙugu, yana tuƙa, ko kallona bai yi ba.

Ragon likita kuwa rago ne. Fari mai baƙin kai, wuyansa da geza, wutsiya har gwiwa. Na zaga shi sau uku ina neman aibi don in rage ciniki, ban samu ba, na ce idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ishaya ya ƙi fassarawa. A kan tudun gonar akwai sabis, muka tsaya nan da igiya a hannu har waya ta yi ƙara. Injiniya ne, ina jin hayaniyar mutane da muryar liman a bayansa.

"Baba, an samu?"

"Yana gabana yana hararata. Faɗi sunan."

Ya ce, "Salihu, Baba. Sunanka aka mayar."

Ba wanda ya gaya mini za a yi haka. Na ce wa Ishaya iskar dutsen nan tana sa ido ruwa. Ya ce e, shi ma ya lura. Ya riƙe mini ƙafafu, na fuskantar da ragon alƙibla, wannan karon na ƙarasa kabbarata. Kafin likita ta gama shan shayinta na feɗe, na sassara, na wanke kayan ciki, muka jera cikin ƙanƙara.

Mun shiga Mitchellville ana kiran azahar a wayoyin mutane. Gida ya cika, motoci har gaban gidan mai leƙen taga. Hajara ta fito da jariri a kafaɗa, ta buɗe akwatin ƙanƙara, ta ga kai da ƙafafu da wutsiya, ta ce, "Baba!" Na ɗaura gyauto na hau gashi a bayan gida, na yi tsire, na yi balangu, mata suka yi farfesun kayan ciki. Har mai leƙen taga aka kai wa, ta dawo da faranti da kanta.

Sai dai in faɗi gaskiya, abin da aka yi rububi a kai alewar Mai Rawaya ce. Kafin a gama rabon nama kwalin ya koma fanko, mata suna tambayar Hajara a wane kanti aka saya. Aka kira Ladi, Ishaya ya karɓe wayar ya zayyana mata komai, ya tsallake maganar rigarsa. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Malam, wato sai da ka ƙetare teku sannan ka taɓa sa da wuƙa ya tashi da ƙafarsa."

Bayan sati biyu wasiƙa ta zo gidan Ishaya daga duwatsu, hoton bijimin ne da sababbin furanni, tabon yana nan a ƙugunsa na hagu. Hajara ta manna shi a jikin firiji, daidai saman inda ake ajiye nama.

Da na dawo Kaduna abokan sana'a suka kewaye ni a rumfa, kowa yana son ya ji abin da na yi a Amurka wata huɗu. Na ce na soki bijimin mutane da wuƙa a gaban idonsu, suka ba ni masauki da alewa. Har yau ba wanda ya yarda, sun ce tsufa ya fara taɓa Na-Tumbi. Na aika wa Hajara ta turo mini hoton nan, ta ce Salihu ƙarami ya fara miƙa hannu yana taɓa shi, ba za a cire ba.